Igiyar da Ban Kwance Ba

A gidanmu na Galtimari saniya ɗaya ce, ja, mai dogon ƙaho, kuma duk baƙon da ya kwana biyu da mu yakan gane cewa in an cire Baba, ita ce babba a gidan. Ni da na ba arba'in baya, ga mata ga 'ya'ya huɗu, a bayanta nake bin layi. In na dawo daga kasuwa da yamma na durƙusa na gaishe shi, Baba ba ya yi mini ban gajiya sai ya fara jin ko an ba ta ruwa. A da abin yana ba ni haushi, daga baya na saba.

Baba a ruga aka haife shi. Ya yi kiwo har ya tara gemu, sannan ya shigo Maiduguri ya zama dillali a kasuwar shanu, ya bar garkensa na gado a daji hannun ƙaninsa. Da shekarun fitina suka zo, wuni guda aka kora garken nan kaf, ƙanin nasa ya iso gari daga shi sai rigar wuyansa. Abin da ya tsira shi ne 'yar maraƙa guda da ta karye a ƙafa, aka riga aka kawo ta gidanmu don a yi mata ɗori. Ita ce ta girma ta zama jar saniyar. Baba yana lissafo uwayenta har bakwai, ya kai ta ga karsanar da aka ba mahaifiyarsa ranar da aka kai ta ɗakin miji. Duk haihuwar da ta yi mana maza ne, muna sayarwa. A daminar da nake ba da labari tana da ciki, Baba ya shafa cikin ya ce wannan karon mace ce, zuri'a za ta ɗore. Lokacin ciwon ido ya riga ya rufe masa gani. Da hannu yake sanin abu, sai kuma abin da muka gaya masa.

Ni ɗan gari ne. Fulatancina na gaisuwa ne kawai, shi ma in aka zurfafa sai in koma murmushi. Maganin dabbobi nake sayarwa a bakin kasuwar shanu, na san allurar kowace cuta da adadin da ake yi wa babban sa da ƙaramin maraƙi. Saboda haka nake ganin na san saniya. Abin da na sani game da dabba a gari shi ne, wadda take sake ta ɓarawo ce, wadda take ɗaure ita ce taka.

Muna da maƙwabci, wani tsohon Babarbare mai wankin hula, wanda ba ya wuce ƙofarmu bai tsokani Baba ba. Zai tsaya ya gaishe shi da Barbarci, cikin wasan nan na Barebari da Fulani, ya ce, "Wushe, wushe, bawana. Yaya uwargida? An ba ta dusa?" Baba ya ce, "Ta ƙoshi, ta fi ƙarfin Babarbare. Awakinka masu cin ledar nan fa, suna raye?" Haka suke yi shekara da shekaru, ban taɓa jin sun gaji ba.

Ruwa ba baƙonmu ba ne. Kogin Ngadda yana kusa da mu, kuma kowace damina yakan leƙo layinmu, ya kai idon sawu, mu jera buhunan yashi a bakin ƙofa, yara su kama 'yan kifaye a kwata, bayan kwana biyu ya koma inda ya fito. Da aka fara cewa madatsar Alau ta cika maƙil, mun ji, mun ce Allah ya kyauta, kowa ya ci gaba da harkarsa. Na ƙara buhu uku a kan na bara, na ji a raina na yi tanadi. Sabo, an ce, turken wawa ne.

Ranar da madatsar ta ɓalle, wasu unguwannin tun kafin asuba ruwan ya tashe su. Mu da muke ɗan sama-sama, ya bari har muka fito daga masallaci. Ko yayyafi ba a yi, sama tas. Sai ga mutanen gangare suna wucewa a jere, mai katifa a ka, mai keken ɗinki, wata mata ta rungumo tukunya da tuwon jiya a ciki. Ba mai magana da ƙarfi. Na shiga gida na tarar da matata a tsakar gida tana kallon rariyar da muke fitar da ruwan wanke-wanke. Ruwa ne yake shigowa ta nan, ja, da saurinsa, ya bar buhunan yashina a bakin ƙofa suna gadin banza.

Na ce ta kwashi yara su bi iyalin maƙwabcinmu, su nufi Wulari gidan ƙanwata da take aure a can. Suka fita da abin da hannu ya iya ɗauka. Na koma ɗakin Baba. Yana zaune a bakin gado, ya naɗe ƙafar wando, tafin ƙafarsa a cikin ruwa, kamar yana sauraronsa da ƙafar.

"Wannan ba na kullum ba ne," in ji shi. "Da sanyi ya zo, daga nesa yake. Je ka kwance saniyar, ka buɗe mata ƙofar baya. Kada ka ja ta, kada ka kora ta. Ka bar ta kawai."

Na ce, "Baba, in na sake ta a wannan hargitsin wa zai dawo mana da ita? Kafin azahar tana hannun mahauta."

"Saniya ta fi ka sanin tudu. Je ka kwance ta."

Na ce to. A gidanmu ba a yi wa Baba musu sau biyu.

Turkenta yana can baya cikin gida, a kan wani ɗan tudu da Baba ya sa aka tara da ƙasa da taki, ya ɗara tsakar gida da kamar kamu biyu. Da na isa ruwa ya kai mini ƙwauri, amma tudun a bushe yake. Tana tsaye ta miƙe kunnuwa, tana jan igiya wajen ƙofar baya, tana huci. Na tsaya na yi lissafina na ɗan gari. Ruwa dai iyakarsa gwiwa, in ya yi tsanani cinya. Gobe ko jibi za mu dawo. In na sake ta, saniya mai ciki a titi, ba mai ita a kusa, na san mutanen da za su yi murna da ganinta, wasunsu ma a shagona suke sayen magani. Tsoho kuma yana magana ne da hankalin daji, inda ba katanga ba ɓarayin gari. Har na ji a raina ina yi masa gata ne, ranar da muka dawo ya taɓa abarsa zai gode mini.

Sai na rage tsawon igiyar don kada ta sauka daga tudun ta shiga ruwa. Na ƙulla ta a gindin turken, na ƙara ƙulli na biyu a kai, na taka turken da ƙafa na ja har sai da tafin hannuna ya yi zafi. Na juye mata dusa a kwano, na ajiye harawa. Ba ta ko kalli abincin ba. Na dafa wuyanta na ce ta yi haƙuri, na je na danna wa ƙofar baya kwaɗo.

Baba ba zai iya tafiya a ruwan ba, don haka na durƙusa ya hau bayana. Ni ne ɗansa na fari, kuma da irin kunyar da ke tsakaninmu, ban tuna ranar da jikina ya taɓa nasa haka ba. Bai da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni tsoro. Muka fito layi ruwa a gwiwa, kafin mu kai kwana ya kai ƙugu. Wani mai keke napep ya bar kekensa a tsakiyar hanya yana taya wata tsohuwa ɗaukar jikarta. Samari sun ɗaura igiya daga wannan falwaya zuwa waccan, mutane suna bi suna riƙewa. A inda hanya ta yi kwari ruwan ya zo mini ƙirji, yana tura ni gefe, robobi da takalma da wata kaza matacciya suna wuce mu. A nan Baba ya sa baki a kunnena.

"Ka kwance ta?"

Na ce, "Na kwance."

"Ka buɗe ƙofar?"

"Na buɗe."

Ya ce madalla. Na ji hannunsa ya saki wuyana kaɗan, ya kwantar da kai a kafaɗata. A daidai lokacin na san ruwan da ya kai mini ƙirji a nan ba zai tsaya a gwiwa a gidanmu ba. Na waiwaya. Hanyar da muka biyo ta zama kogi, ga tsoho a bayana. Ban koma ba, kuma ban gaya masa gaskiya ba. Wata tifa ta kwashe mu a babban titi ta sauke mu kusa da Wulari.

Gidan ƙanwata ɗaki uku ne, mu kuwa mun fi ƙarfinsa, don dangin mijinta na Abbaganaram su ma nan suka gudo. Maza muna kwana a zaure da ƙofar gida, mata da yara a ciki, tukunya ba ta sauka daga murhu. Labari sai shigowa yake: babbar kasuwa ta nutse, asibiti ya cika da ruwa, maƙabarta ma ba ta tsira ba, ana ta maganar kadoji da macizan da suka fita daga gidan zu. Mutane suna bi gida-gida da hoto a waya suna tambaya ko an ga wane, ko an ga wance. Wani mutum ya zo sau uku yana neman 'yarsa mai shekara shida. Duk zuwansa sai in ji kunyar kaina, a ce mutane suna neman 'ya'yansu ni kuma saniya ce ta hana ni cin abinci.

Baba kuwa hankalinsa kwance, shi ne ma mai ba mutane haƙuri. In zaure ya yi shiru sai ya kama ba su labarin yadda suke ƙetare kogi da garke yana saurayi, yadda saniya take ɗaga hanci da tozo sama ta yi ta iyo, makiyayi ya kama wutsiyarta ta fitar da shi. "Saniya ba ta nutsewa," yake cewa, "sai in mutum ya riƙe ta." Ina zaune a gefensa ina jin wannan magana, safe da yamma.

Rana ta shida ruwa ya ja, na koma Galtimari. Rabin hanya a kwalekwale, saura a ƙafa cikin taɓo. Tun daga bakin layi wari ya tare ni. Ruwan ya bar zane a bangon gidanmu, sama da kan ƙofa. Ban shiga ɗaki ko ɗaya ba, na zarce baya.

Tana nan. Ta kwanta a gefen tudun, wuyanta a miƙe, igiyar a ɗame kamar tsirkiya. Turken bai ko karkata ba. Katangar da ke kusa da ƙofar baya ta zube tun daga tushe, ta bar hanya wadda mota ma za ta wuce, taku biyar daga inda take. Kwaɗona yana nan maƙale a ƙofar da ba ta tsare komai.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, sai na ji motsi. Maƙwabcinmu ne, ya zo duba nasa gidan. Shi da gudu ya fita ranar, ko ƙofa bai ja ba, awakinsa suka bi matakalar wani bene da ba a gama ginawa ba suka hau sama, ya same su duka bakwai suna kukan yunwa. Ya dubi saniyar, ya dubi igiyar, ya dube ni. Mutumin da ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba ya cire hula ya riƙe a hannu, ya yi salati a hankali.

Shi ya nemo masu amalanke. Na durƙusa in kwance ƙullin, amma igiyar ta sha ruwa ta kumbura, farcena ya karye ba ta motsa ba. Na karɓi wuƙa na yanke ta, na bar guntun a jikin turken. Aka ja ta aka kai inda ake tara mushen dabbobi a bayan unguwa. Da za mu rabu tsohon ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ka gaya wa bawan nan nawa yau. Maganar nan kamar naman nan take, kwana ba ya ƙara mata kyau."

Na yi niyya, Allah ya sani. Tun daga Galtimari nake shirya yadda zan fara. Da na shiga zaure Baba ya ji takuna ya ɗago kai, fuskarsa a sake, sai na ji bakina ya ce, "Ban gan ta ba, Baba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ta fita ke nan."

Daga ranar ya ba ni aiki. Kullum da safe zai miƙo mini wayarsa in nemo masa tsoffin abokansa dillalai da masu kiwo a gefen gari. Ni nake danna lambar, ni nake kara masa a kunne, in tsaya ina ji yana siffanta musu ita: ja ce, ƙahon dama ya ɗan fi na hagu buɗewa, an tsaga kunnen hagu sau biyu, tana ɗan ɗingishi a ƙafar baya, tana da ciki wata bakwai. Yana roƙonsu don zumunci su sa ido. Su kuma mutanen kirki, kowa da tasa asarar, suna cewa in sha Allahu. Matata ta gane tun ranar farko, don ta ga farcena da ya karye da kuma yadda nake juya abinci. Ta ce, "Malam, ramin ƙarya ƙurarre ne." Na daka mata tsawa, abin da ban saba ba, don na san gaskiya ta faɗa.

Wata safiya aka kira aka ce an tsinci jar saniya mai tsagaggen kunne, tana hannun wasu makiyaya a hanyar Bama. Baba ya ce a ɗauko masa babbar rigarsa, wadda ƙanwata ta wanke ta goge. Na tari keke napep muka tafi. Na kai makahon ubana wajen gari, cikin rana da warin taɓo, don ya duba saniyar da na san ba ita ba ce. Aka riƙe masa ita. Ya shafa kunnen, ya bi ƙahon da tafin hannu, ya sunkuya ya taɓa ƙafar baya. Ya ce, "Ba ita ba ce. Allah ya haɗa ta da mai ita." A hanyar dawowa sai ya lalubo gwiwata ya dafa.

"Kada ka sa wa ranka damuwa," in ji shi. "Kai dai ka yi abin da aka sa ka. Saura na Allah ne."

Na juya fuska waje na yi ta kuka ba sauti, mai keken yana kallona ta madubi.

Mun yi kusan mako uku a Wulari kafin gida ya zaunu. Muka kwashe laka da shebur, muka ƙona katifu, littattafan yara sun manne sun zama kamar ƙosai. Na gyara komai, amma inda aka ɗaure ta ban iya zuwa ba, ko kallon wajen ba na yi. Ranar da muka dawo da Baba, bai ko zauna ba ya ce in kai shi wurin turkenta, a share a zuba sabuwar ƙasa, kada ta dawo ta tarar da ƙazanta.

Na kama hannunsa muka hau tudun. Ya lalubi turken ya dafa kansa, ya girgiza ya ji ko ruwa ya sassauta shi. Sai hannun ya gangara ƙasa. A nan na tuna da guntun igiyar.

Ya taɓa ƙulli na farko, ya taɓa na biyu. Ya bi igiyar har ƙarshenta, ya murza bakin da babban yatsa, inda wuƙa ta bi. Mutumin da ya yi shekara sittin yana ɗaure shanu ba ya buƙatar a fassara masa. Ya zauna a ƙasa da rigarsa, ya fara kwance ƙullin.

Na ce, "Baba, ban kwance ta ba. Ƙara ɗaure ta na yi. A nan na same ta."

Ya ci gaba da kwancewa. Igiyar ta bushe ta yi tauri, amma bai nemi wuƙa ba, ni kuma ban isa in ce ya kawo in taya shi ba. Matata ta fito ta tsaya daga nesa. Sai da ya kwance na biyun, ya kwance na farkon, ya warware igiyar daga jikin turken ya ɗora a cinya.

"Ta daɗe?" ya tambaya.

"Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Dabba ta Allah ce, ya karɓi abarsa. Ni ma na taɓa kashe saniya da wautata ina yaro, ubana ya dake ni, aka wuce wurin." Ya naɗe igiyar a hannu. "Amma ba ni da ido, kai ne idona. Mako biyu kana kara mini waya a kunne."

Ya miƙa hannu zai tashi. Na matso in kama, sai ya juya fuska wajen da ya ji motsin matata ya ce, "'Yar nan, zo ki kai ni ɗaki."

Bai sake ta da maganar ba, ko sau ɗaya. Da maƙwabcinmu ya zo yi masa jaje, shi ne ma ya fara tsokanarsa a kan awaki. Ina gaishe shi yana amsawa, yana sa mini albarka in zan fita kasuwa, kwano ɗaya muke ci da daddare kamar da. Na roƙi gafararsa ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Sai dai har yau, in na leƙa ɗakinsa na ce, Baba, an kira salla, ba ya tashi nan take. Yakan ɗan karkata kai wajen taga, ya saurara da kunnensa tukuna.